Haƙorin Uwargida

Ranar Talata ce, an wayi gari da yayyafi. Tsohon kafinta ya riƙe hannun jikarsa suka nufi asibitin haƙori, shi yana tsaki, ita tana taunar alawa mai tauri ƙaras-ƙaras.

Shekararta shida. Uwargida yake ce mata, ita kuma ta ce masa Tsoho. A da, kullum tana gindin teburinsa tana tattara ɓawon katako. Amma tun da uwarta ta kai ta wurin likitan nan sau biyu, ba ta da zance sai nasa. Likita ya ce, Likita ya yi, Likita yana da kujera mai tashi sama. Shi da ya cire haƙoran jikoki bakwai da zare, yau an mai da shi ba kowa ba.

"Baba, yau kai za ka kai ta," in ji 'yarsa da safe. "Wasa kawai take da likitan. Da ya ɗauko ƙarfe sai ta rufe baki."

Ya tura kanumfari cikin kuncinsa na hagu, ya ce to. Dama so yake ya ga mutumin.

Ashe yaro ne, ko gemun kirki bai ajiye ba. Yarinyar ta saki hannun kakanta ta ruga ta rungume ƙafar likita. Kafinta ya sake yin tsaki.

Likita ya gaishe shi da ladabi, ya ajiye masa kujera dab da ta aikin. Sannan ya shiga nuna wa yarinyar kaya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da murya mai ƙarfi kamar ba da ita yake ba. Wannan madubi ne. Wannan ruwa yake zuƙewa. Wannan ƙararsa ce kawai mai yawa. "Duk wanda ke kan kujerar nan, in ya ɗaga hannu, na tsaya. Ban taɓa saɓawa ba."

Ta hau kujera, ta danne baki da hannu biyu.

"Baba," in ji likita, "yara in suka ga babba ya zauna, sukan saki jiki. Ko za ka taimaka mana?"

"Ni ba mara lafiya ba ne."

"Ƙyale shi, Likita," in ji yarinyar ta tsakanin yatsunta. "Tsoho matsoraci ne. Kai kaɗai ne jarumi. Ni ma na koma wurinka."

Kafinta ya miƙe tsaye. Rabonsa da kujerar asibiti shekara arba'in, tun ranar da wani likita ya kusa kakkarya masa muƙamuƙi. Ya cire hula ya miƙa mata.

"Sauka, mara kunya. Yau za ki ga namiji."

Ya tofar da kanumfarin, ya kwanta, ya buɗe baki. Likita ya leƙa, ya ce akwai wani na hagu da ya ruɓe har gindi, tunda an zo ai gara a raba shi da shi. Kafinta ya so ya ɗaga hannu. Ya waiga, ya ga idanun yarinyar a kansa, sai ya damƙe hannun kujera. Ita ce ta riƙe masa ɗan yatsa har aka gama.

"To, ita fa?" ya tambaya, auduga cike da baki.

Likita ya duba agogo, ya ce lokaci ya ƙure, sai wani zuwan. Ya sa masa magani da katin asibiti cikin aljihu.

A hanya ta ce, "Tsoho, na dawo wurinka." Ya saɓa ta a kafaɗa har gida. Bayan kwana uku ya ci abinci da kunci biyu, abin da ya yi wata huɗu bai yi ba.

Washegari ya sa hula, ya ce shi zai mai da ita a duba nata haƙorin, kada wani ya riga shi. 'Yarsa ta kau da kai tana danne dariya. Ya zaro katin don ya ga ranar komawa, ya nisanta shi daga ido, ya bi haruffan ɗaya-ɗaya da yatsa kamar yadda ya saba. An buɗe katin tun makonni uku da suka wuce, kuma sunan da ke kai nasa ne, shekara saba'in da uku.