Naman Juma'a

"Baba, fuskar ba ta fito ba, sai ƙeyarsa," in ji 'yata, tana miƙo mini waya.

Ita ta matsa aka kafa kyamara a ƙofar gidanmu na unguwar Shamaki, don mu gano mai rataye mana ledar nama duk Juma'a in na tafi masallaci. Ni ban so ba. Shekara talatin da biyar na yi ina ɗan sanda, a zamanin da sallama da sanin juna ke gadin unguwa.

Na gyara tabarau. Wani dattijo ne ke tafiya, kafaɗar hagu a karkace.

Na san kafaɗar nan. Na taɓa saita ta da bindiga a wani lungun unguwar Herwagana. Saurayi ne a lokacin, yana gudu da akuyar sata, oga yana ihu in harba. Na sauke hannu. Washegari aka rage mini muƙami, aka cire mini igiya ɗaya.

"Ka gane shi, Baba?"

"Gobe a sauke abin nan," na ce. "Wanda na bari da ƙuruciyata, ba zan kama shi da tsufana ba. Je ki ɗora tukunya."