Warƙoƙin da Ba Su da Lamba

Tunda ka ce wata uku ya ishe ka gama bincikenka, gyara zama ka ji labarin wani malamin tarihi da na sani. Ba zan kama sunansa ba, don har yau tausayinsa nake ji.

A wani ƙauye ya iske tsohon limami da gafaka cike da rubutun kakanni, labarin yadda aka sari garin da waɗanda suka riƙe shi. Ka san littafin magabata ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, ba lamba. Kalma guda marubuci kan ajiye a gindin shafi don a gane na gaba, ita kuwa gara ta cinye ta a wurare da dama. Jerin ya rage a kan tsohon kaɗai, yadda mahaifinsa ya biya masa. Ya ce wa baƙon, "Malam, zauna mu biya tare, warƙa biyu kullum bayan la'asar. Kafin girbi mun sauke." Gogan naka kuwa taron masana na jiransa a birni, ga tsoron kada wani ya riga shi. Ya baje warƙoƙin a tabarma, ya ɗauki hotonsu yini ɗaya, ya tattara su yadda hannu ya kama, ya yi godiya ya kama hanya.

Ya jera hotunan da hasashensa, ya buga littafi, aka yi ta yaba masa. Sai da littafin ya isa ƙauyen aka ga ɓarna. Ya mai da jika kaka, ya jefa zuriyar da ta haƙa rijiyar farko cikin baƙin da suka zo daga baya, har aka fara yi wa 'ya'yansu gori a makaranta. Kunya ta rufe shi, ya komo don ya gyara, ya tarar an yi sadakar arba'in ɗin liman. Gafakar tana nan a hargitse yadda ya bar ta, don idon tsohon bai ƙara iya jera ta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana juya warƙoƙin nan, furfura ta riske shi a kansu, ko rabi bai kai ba. Ran da na gan shi, wallahi sai da na kau da kai.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, sauri ya haifi nawa.