Wa Ke Nutsar da Jirgin Kalilu?

"Inna, in mutum ya tahi salla, halal ne a nutsar mai da jirgi?"

Hamdiyya ta saki ludayin miya. Tambayar 'yarta Amatullahi ta taɓo inda ke mata ciwo. Mijinta Ɗalha yana wasan yaƙin jiragen ruwa a waya da abokansa na Jega, Aliero da Maiyama. Dokarsu ɗaya ce: da an kira salla, kowa ya tsayar da jirginsa, babu harbi. Amma kwanan nan jirgin Ɗalha sai ragargazar na abokinsa Kalilu ɗan Maiyama yake ana tsakiyar la'asar. Ɗalha ya yi rantsuwa a caji yake barin wayar, ba wanda ya yarda. Har sun laƙaba masa Kyaftin Ba-Salla, sun ce in aka ƙara, korarsa za su yi.

Ta ja yarinyar ɗaki, ta rage murya.

"Ke ce ko? Gaya min gaskiya, ba zan bari Babanki ya yi miki faɗa ba."

"Wallahi ni kallo kawai nikai!"

Daga tsakar gida surukarta ta yi gyaran murya, carbi a hannu.

"Ƙyale min jika, ni ce. Ina sallame tawa liman bai kai rabi ba. In zura ido ɗan Maiyama yana nutsar min da ɗa kullum, ya dawo ya ƙi cin tuwo? Ai yaƙi ɗan zamba ne!"

Kai mai barin waya ka tafi masallaci, kulle ta. Ba yara kaɗai ne a gida ba.