Gadin Baba Hatimi

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata na safe, a zauren taron jami'ar da ta gayyace su, Darakta ta fara zargin Baba Hatimi.

Su takwas suka zo, dukansu ma'aikatan ofishin hulɗa da ƙasashen waje, domin taron ƙara wa juna sani kan kula da ɗaliban musaya. Ita ce shugabar tawaga. Kafin su taso, shugaban jami'arsu ya kira ta ya rufe ƙofa. Bara wani ya biyo irin wannan tawaga bai koma gida ba, masu masauki kuwa sun ce in aka kuma, yarjejeniya ta mutu. Ga ɗalibanta suna jiran tafiya zango mai zuwa, wasu har sun sayi akwati.

Baba Hatimi dattijo ne mai sanyin magana. Ya daɗe yana buga hatimi a takardun yaran da ke fita karatu, har aikin ya cinye sunansa. Shekara da shekaru yana neman wannan taro ana tsallake shi, sai bana da ya kusa ritaya. Me mai shirin ajiye aiki zai koya? A wurin tantancewa an tambaye shi ko yana da kowa a ƙasar, domin mai ɗan'uwa a can ba a ɗaukarsa. Ya ce ba shi da wanda zai tarbe shi.

To, a safiyar nan tsohuwar da ke kula da baƙin ɗalibai, wadda kowa ke kira Uwar Baƙi, tana bin layi tana gaisawa da su. Da ta iso kansa ta karanta sunan da ke maƙale a ƙirjinsa, sai ta tsaya. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Darakta ta gani, ta fara sa masa ido.

Ranar Talata ana bayani kan rashin lafiyar ɗalibi da yadda ake sanar da iyaye, Baba ya tashi ya fita. Darakta ta same shi a baranda da taswirar motocin gari, yatsansa a kan tashar ƙarshe. Washegari ta ji yana tambayar mai gadi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa a can wurin. Da rana kuma, a bayan ɗakin cin abinci, ta ji shi a waya.

"Zan je wurinta, Mamansu. Ko minti goma ne. Na yi miki alkawari."

Ashe jami'in biza na tawagar ma ya ji. Da aka zauna cin abinci ya ce in Baba ya yi budurwa a garin nan ya faɗa tun da wuri, su wanke takalma su raka shi. Aka yi dariya. Baba ya ajiye cokali, bai ƙara ɗauka ba.

Darakta ba ta yi dariya ba. Ta karɓe fasfo ɗin kowa, wai kada wani ya yar da nasa. Ta mayar da kujerar Baba kusa da tata, ta ɗora masa rubuta rahoton tawaga. In ya tashi shan ruwa, jami'in biza na biye da shi.

Yammacin Alhamis hutu ne. Kowa ya fita yawon kantuna, ita ta zauna da Baba a ɗakin karatu. Sai ga Uwar Baƙi da makullin mota a hannu, ta ce a ara mata Baba na awa ɗaya. Darakta ta yi murmushi, ta ba ta haƙuri, ta ce rahoto bai kammala ba. Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi Baba. Ita ce ta koya musu a makon nan cewa maganar ɗalibi ba ta fita daga ofis sai da izinin iyaye. Baba ya girgiza mata kai a hankali.

"Ranki ya daɗe, awa ɗaya kawai," in ji shi.

"Wurin wa, Baba?"

Ya sunkuyar da kai kan rahoton. Darakta ta ci gaba.

"Yaran da ke jira kai ka buga musu hatimi. In aka ji mun zo da mai ɗan'uwa a ƙasar nan, ka san tafiyarsu ta sha ruwa. Kada ka ɓata musu."

Ya dube ta, ya dubi makullin. Sannan ya jawo takarda ya ci gaba da rubutu, da kyakkyawan hannunsa irin na mutanen da.

Ranar Juma'a motar filin jirgi ta bi ta ƙarshen gari. Darakta ta zauna a bakin ƙofa. Da suka iso wani dogon bango mai itatuwa a bayansa, Baba ya roƙi direba ya rage gudu. Ta dafe hannun ƙofar, ta ce wa direba lokaci ya ƙure. Baba ya ɗora tafinsa a jikin gilashi har bangon ya wuce.

A filin jirgi Darakta ta miƙa wa kowa fasfonsa, ta ƙirga su cif, ta buga wa shugaba waya ta ce aiki ya yi kyau, ba a bar kowa a baya ba.

Waɗanda suka rage a garin su ne Uwar Baƙi, da mai gadi, da direba. Sai kuma ɗaya a bayan dogon bangon nan, a layin kaburburan baƙi: 'yar Baba Hatimi ta fari, wadda ya buga wa hatimi da hannunsa, zazzaɓi ya ɗauke ta a zangonta na biyu, aka binne ta kafin bizarsa ta fito.