Tarin Malam Barau

A zamanin da ake ajiye muryar mamaci a akwatin bango, ba a barin komai da aibinsa. Kowace matsalar na'ura sai an rataya ta a wuyan wani har ya gyara. Ta gidan Inna Tabawa kuwa tari ne: muryar mijinta, marigayi Malam Barau, ba ta gaishe ta sai ta yi tari.

Da hantsi Mudi mai gyara ya yi sallama.

"Inna, matsalar nan ta bi hannu-hannu, yau ta faɗo kaina. Akwatinki fitowa ta uku ne. In na sa miki ta tara, tarin ya tafi, murya ta fito tas kamar ta saurayi."

"Saurayi na ce maka ina nema? Cire sunanka, sa nawa."

"Kin iya gyara ne?"

"Wa ya ce gyarawa zan yi?"

Mudi ya yi dariya, ya mayar da matsalar kanta. Har ya kai zaure, sai ya juyo.

"Amma Inna, lokacin da aka ɗauki muryar Malam ai bai fara tari ba."

"Na sani," in ji ta, tana tsince shinkafarta hankali kwance. "Tare muke tsufa."