Garmar da Ba Ta Rabu Uku Ba

Tunda ka zo mini da maganar raba gandu, zauna ka ji wannan. Shekara dubu da wani abu da suka wuce, a ƙasar Farankawa, mutanen da Faransa ta samo sunanta daga gare su, an yi wata tsohuwa da ta ga jiya ta ga yau. Tana yarinya wani ƙasaitaccen sarkinsu ya haɗa ƙasashe da yawa a hannunsa, har fatake kan yi tafiyar wata guda ba wanda ya tare su. Sai dai Farankawa suna da wata al'ada: uba in ya mutu, a yanka abin da ya bari kashi-kashi daidai da yawan 'ya'yansa maza, ko gona ce ko sarauta. Da mulki ya iso kan jikokin sarkin nan su uku, suka yayyanka daular kamar naman layya, kowa yana hararar kason ɗan'uwansa. A wannan zamanin mijin tsohuwa ya rasu, ya bar mata 'ya'ya uku, da shanun huɗa shida, da garma ɗaya mai taya. Gonarsu kuwa laka ce mai danƙo, garmar ba ta keta ta sai an ɗaura mata shanun nan shida gaba ɗaya. Babban ɗa, wanda kansa ke hayaƙi, ya ce a yi yadda sarakuna suka yi: kowa shanu biyu, garmar ma a kwance ta, wani ya ɗau bakin ƙarfen, wani tayoyin, wani itacen. Tsohuwa ta ji tsoro ƙwarai, don lokacin shuka ya ƙarato, kuma ta san in aka yi haka bana ba mai cika rumbu, jikokinta za su sha yunwa.

Ba ta yi musu da shi ba, ta san ɗanta, in aka ja sai ya ƙara taurin kai. Cewa ta yi kafin a kwance garmar, kowa ya ɗaura shanunsa biyu ya yi mata kunya ɗaya ta gani. Babban ya fara. Ya yi tsawa, ya yi bulala, shanu suka yi nishi har suka durƙusa, garma ko gezau. Yana cikin share gumi sai ga ayarin mutane a kan hanya, mata da goyo, maza da tsummokara a ka. Mutanen wani gari ne na bakin kogi, mahara daga arewa sun hauro cikin jiragen ruwa sun ƙone shi ƙurmus. Tsohuwa ta ba su ruwa, ta tambayi wani dattijo a cikinsu ina dakarun sarki suke har aka yi wannan ɓarna. Dattijo ya ce, "Iya, ai sun tafi yaƙar ƙanensa." Babban ɗa ya daɗe yana kallon ayarin har ya ɓace, sannan ya dubi garmar da ta kafe cikin laka. Ya je ya jawo shanu huɗun nan na ƙannensa da hannunsa ya haɗa da nasa. Garma ta tashi, ƙasa ta dinga kifewa baƙa wuluk a bayanta. Tsohuwa ta zauna a bakin kunya ta saki wata doguwar ajiyar zuciya don daɗi. Daular ta ci gaba da tsattsagewa har ta watse, amma gidan nan sun ci tuwonsu a wannan shekara da waɗanda suka biyo baya. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.