Ƙofar da Ba Ƙofa Ba

Kwaɗon kulle ƙofa da Darakta ya miƙa masa sabo ne fil. Sufeto ya karɓa ya jefa a aljihu, Darakta kuwa bai yarda sun haɗa ido ba.

Dokar layi ɗaya ce tak: duk inda ake hura wuta don sana'a, dole ya kasance da ƙofa biyu masu fita waje kai tsaye. Sufeto ba ya cikin masu zagin dokar nan. Yana wurin ranar da wata masana'anta ta kama da wuta, ya ga abin da aka tarar a bayan ƙofarta ɗaya tilo, har yau ba ya son tunawa. Da aka zauna rubuta dokar, shi ne ma ya dage sai an ƙara "kai tsaye".

To ga shi manyan masu gidajen burodi sun maka hukumar su Sufeto a kotu. Wai ana son kai: su an rufe su, ga wani ɗan gidan burodi can cikin lungu yana ta hayaƙinsa, kamar doka ba ta san hanyar ba. Har hoto suka kai wa alƙali. Lungun kuwa a shiyyar Sufeto yake, ya daɗe yana bi ta gabansa yana kawar da kai.

Lauyan hukuma, wani sabon zuwa mai rawar kai, bai ɓoye masa komai ba. "Ko dai a rufe kafin zaman kotu, ko alƙali ya soke dokar ɗungurungum. In ta faɗi kuma, ka san wanda za ta danne."

Ya sani sarai. Gaba kura, baya siyaki. Yana iya tura wani, amma ya san hannun abokan aikinsa: in suka shiga wuri sai sun kwashe sikeli da tire, wani ma ya shuri buhun fulawa don a san ya zo. Gara ya je da kansa.

A bakin shagon Sufeto ya sunkuya ya shige. Lauya, da ya biyo shi don ɗaukar hoton shaida, ya ƙwala goshi da katakon saman ƙofar, ya shigo yana murza wurin.

Ɗakin ƙanƙane ne, zafi kamar ya dafa mutum. Tanderu ya cinye bangon dama, bangon hagu na maƙwabci ne, babu inda za a fasa ko da taga. Tsohuwa mai burodi tana tsaye gaban tebur, fulawa har gwiwar hannu. Ta dubi rigar aikin Sufeto daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai." Yadda ta ja kalmar nan, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya karanta mata dokar, idonsa a kan takarda, alhali ya haddace ta tuntuni. Ta bari ya kai aya, sannan ta nuna bangon baya da haɓa.

"Ƙofa biyu aka ce, ko? Ga wadda kuka shigo, ga waccan. Ko lissafin ma an sake shi?"

"Waccan cikin gida take shiga, ba waje ba," in ji Sufeto. "A wurin doka ba ƙofa ba ce."

"Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan ta bango nake wucewa." Ta kaɗe hannunta. "Ta nan na yi ta fita da burodi da goyo a bayana, har na ga 'ya'yana sun zama mutane. Wasu ma har sun wuce mutane."

Lauya ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce tsohuwar nan akwai baki. Sufeto bai yi dariya ba. Ya ninke takardar ya mayar aljihu.

Ya bar ta ta fitar da gashin ƙarshe. Shi ya kashe wutar, ya janye itacen da hannun nan nasa mai tsohon tabon ƙuna. Tsohuwa ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tire ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofar bayan.

"Maɓallin rigarka na shirin faɗuwa, Yallaɓai," ta ce, ta shige ta turo ƙyaure.

A waje ƙofar ta ƙi rufuwa. Lauya ya tura, ya sa kafaɗa, a banza. Sufeto ya ɗan ɗaga ta sama da ƙafa, ta zauna daram. Ya ɗana kwaɗon, Lauya ya ɗauki hotonsa yana murna, wai gobe sai ya ga bakin da masu ƙara za su yi magana da shi.

Da aka tashi daga aiki Sufeto ya rasa inda zai sa kansa. Ya zaga kasuwa, ya zauna a tasha, ƙafa dai ta ƙi kai shi ko'ina. Rana na shirin faɗuwa ya bi ta bayan lungun, ya tura wata ƙaramar ƙofa, ya tuɓe takalmi.

Tana zaune a tsakar gida, ta jingina da ƙofar nan da doka ta ce ba ƙofa ba ce, allura da zare a hannunta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Cire rigar ka miƙo mini, Auta," in ji mahaifiyarsa, "kada gobe ka tsaya gaban alƙali a ce ba ka da uwa."